Kuskure Arba'in na Lawali

Kwana saba'in aka ba ni, daga Ƙaramar Salla zuwa Babba. Wanda ya yanka wa'adin shi ne Baffa Sanda, yayan mijina marigayi, kuma babban gidanmu a Damagaram. Ya ce idan Babbar Salla ta zo ɗana Lawali bai nuna yana gane abin da ake faɗa ba, zai kai shi wurin wani malami a ƙauye, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Zan faɗi abin da ya faru a jere, yadda ya faru, don ni ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Lawali yana da shekara goma sha biyar a lokacin. Ba ya magana, ba ya kallon idon mutum. Yanzu likitoci suna kiran irin larurarsa galahanga, amma a wancan zamani aljanu ake cewa. Ɗan farina ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na ajiye wannan kunyar tun da na ga ba ya juyowa sai ya ji sunansa. Laifin da ya jawo wa'adin kuwa, ranar bikin 'yar Baffa Sanda ne, daidai lokacin da ake fito da amarya, ya kifar da tukunyar miya, ya ciji ƙanen ango a hannu.

Ni mai buga tafireta ce a wani ofis. Karatuna bai wuce ƙaramar makaranta da horon wata shida ba. Tun Lawali yana shekara huɗu yake zama a gefena, idona a kan takarda, nasa a kan haruffa. Wata 'yar kasuwa ta ce mini tun da soja suka sauka daga mulki a Najeriya shagunan kwamfuta sun cika Kano, har yara suna wasa da ita suna koyon karatu. Na ce a raina, yaron da ba ya amsa wa mutum, wataƙila ya amsa wa inji. Na ɗauki tafiretata da ɗana, muka nufi Kano.

Rana ta ɗaya, Rijiyar Lemo.

Mun sauka a Rijiyar Lemo cikin Fagge, gidan Hajiya Falmata, wata Babarbariya da ta tsufa a Kano, mai saukar da mata fatake. Ta dubi Lawali daga sama har ƙasa. Yana tsaye yana rangaji gaba da baya, yana gunjin nan nasa a maƙoshi.

"Wannan fa? Lafiyarsa ƙalau?"

"Ɗana ne, Hajiya. Ba ya taɓa kowa in ba a taɓa shi ba."

"Haka masu kare ma suke cewa."

Na haɗiye. Ta ba mu ɗakin ƙarshe, jikin banɗaki. Matan gidan suka janye 'ya'yansu. Akwai wata mai ciki da take rufe fuska da mayafi duk lokacin da za ta wuce shi, wai kada abin cikinta ya ɗauko. In na ce lakwal maimakon makaranta, sai tsakar gida ta ɗauki dariya, wata ta maimaita, wata ta ƙara. Babu wadda ta tambayi sunana. 'Yar Nijar, shi ke nan.

Rana ta shida, Bata.

Ina tambaya a wata rumfa a unguwar Bata inda ake samun kwamfutar da ke koya wa yara, sai wani mutum mai kwat da tabarau ya matso. Ya ce Dokta ake ce masa. Ya yi mini magana da ladabin da ban ji ba tun da na shigo garin.

"Hajiya, kin faɗo hannu na gari. Muna da kwamfuta daga Turai, aikinta ke nan. Amma sai an haɗa ta da injin da yaron ya saba da shi, ta karanci hannunsa. Akwai?"

Na ce akwai. Washegari na naɗe tafiretar a zane, na kai masa gindin wani bene kusa da Kantin Kwari. Ya karɓa, ya ce in jira a kira mu. Muka jira daga azahar har aka fara rufe shaguna. Wani mai atamfa da ya daɗe yana kallonmu ya ce, "Baiwar Allah, benen nan fa ƙofa biyu gare shi." Maƙwabcinsa ya ce, "'Yar Nijar ce, ko? Ai da gani." Ban je wurin 'yan sanda ba, don na ji tsoron a bar ɓarawo a kama tambayata takardu.

Kwana uku Lawali yana zama a gefen tabarma, inda injin yake a da, yana danna ƙasa da yatsu. A kwanakin nan na yi kewar gida har furar Kano ta ƙi wuce mini. Na tuna inuwar bishiyar bedi ta ƙofar ofishinmu, da yadda masinja yake ajiye wa Lawali kujera ba tare da an ce ya ajiye ba. Amma gida yanzu shi ne wurin da mari yake jira.

Rana ta goma sha huɗu, Sabon Gari.

Na shiga neman aikin buga takardu. Shago bakwai suka kore mu tun daga ƙofa. Na takwas na wani Ibo ne, Emeka, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa zama ta Kano. Yana da kwamfuta uku da injin fotokwafi, yana kuma koya wa matasa kwamfuta. Ya ce in zauna in buga ya gani. Yatsuna sun saba da injin Faransa, wasu haruffan ba a wuri ɗaya suke ba. Na buga layi uku da sauri, ko kalma ɗaya ba ta fito daidai ba.

"Madam, wannan Hausa ce ko Sinanci?"

"Ka ba ni kwana uku."

"Wannan ƙaton fa? Mai gadinki ne?"

"Ɗana ne. Zai zauna inda ka ce."

Ya nuna bayan injin fotokwafi. Nan ya zama wurin Lawali. In an ɗauke wuta aka tayar da janareto, sai in cusa masa auduga a kunne, in ja masa hula. Kullum da safe sai mu tsallaka daga Fagge cikin 'yan acaɓa, ina riƙe da bakin rigarsa, don ba ya yarda a riƙe masa hannu. Suna zagin mu, muna wucewa.

Wata rana na ga Emeka yana gwada wani ɗan wasa da ya haɗa wa 'yar yayarsa, na koyon baƙaƙe. Na jira ya gama, na ce ina son irinsa don Lawali.

"Ni ba asibiti na buɗe ba, Madam."

"Ban ce ka warkar da shi ba. Ni zan tsara, kai ka sa a inji. Duk Asabar zan zo in buga maka takardun ɗalibai kyauta."

"Ke za ki tsara? Ke da kika kai tafireta a haɗa ta da kwamfuta?"

Ashe labarin har ya iso Sabon Gari. Na ce e, ni. Ya yarda, ba don tausayi ba, don yana son a ce masa injiniya.

Na zaɓi kalmomi arba'in na abubuwan da Lawali ya sani: buta, tabarma, akuya, kwano, tsintsiya, har zuwa ƙofa. Kowace kalma da zanenta. Ina neman abin da zan yi zane a kai, sai ga Hajiya Falmata ta jefo mini damin kwalayen da ake naɗe shadda a kansu, ta sa an kwaso mata daga Kwari.

"Ba don ke ba," in ji ta. "Ko ya samu abin yi ya rage mana wannan gunjin."

Na gode mata. Shi ne alheri na farko da aka yi mini a Kano, kuma da harara aka miƙo shi.

Na rubuta wa Emeka ƙa'idoji huɗu. Na ɗaya, kada a sa fuskar mutum. Na biyu, kada a sa agogo mai ƙirga lokaci, ba a gaggauta Lawali. Na uku, a jera gidaje arba'in a ƙasan allon, ya riƙa ganin nawa suka rage. Na huɗu, kullum a fara da buta a ƙare da ƙofa. Kalma za ta fito a sama, zane biyu a ƙasa, ɗaya nata ɗaya ba nata ba, suna sauya gefe don kada a haddace wuri. Sai ya tura kibiya da ɗan abin nan da ake kira maus, ya danna wanda ya zaɓa.

Emeka ya karanta, ya ce, "To in ya ci fa? Wasa babu tukuici ai ba wasa ba ne. Ina da tafin Turawa a faifai, mai daɗi."

"Tafi na 'yan ƙwallo ne. Mu in ɗa ya yi abin kirki, guɗa ake yi masa."

"A ina zan samo guɗa?"

Na ce ya kawo makirfo. A Damagaram ba a yin biki a unguwarmu ba a aiko a kira ni guɗa ba. Na kama hanci, na rangaɗa ta har sau uku. Masu shagunan layin suka fito suna tambayar wa ake aurarwa. Emeka ya riƙe ciki yana dariya. Lawali ba ya nan, ranar na bar shi a ɗaki. Muka ƙulla: in ya ci, guɗa. In ya faɗi, shiru, a wuce ta gaba.

Rana ta arba'in da ɗaya, gwaji.

Na zaunar da shi. Buta ta fito. Ya dubi kalmar, ya dubi zanen biyu, ya tura kibiya kan buta, ya danna. Muryata ta fashe daga sifika. Lawali ya faɗo daga benci, ya yi ƙara, ya shiga buga kansa da bango. Wata mata da ta kawo takardun ɗanta ta kwashe su ta fita da gudu. Na ɗauka baƙon abu ne ya firgita shi, zai saba. Emeka ya ce sa'a ce ta sa ya ci.

Washegari ya zauna da kansa. Buta ta fito, ya danna akuya. Tabarma ta fito, ya danna kwano. Haka har ƙofa, ko ɗaya bai ci ba. Ina da littafi, na ja layuka, kowace kalma da gidanta, in ya faɗi in sa gicciye. Rana ta biyu, gicciye arba'in. Ta uku, arba'in. A rana ta biyar na buge masa hannu, na ce, "Buta! Buta da kake ɗauka kullum!" Allah ya yafe mini. Bai ko dube ni ba, ya danna tsintsiya.

Da aka kwana tara a haka, Emeka ya ce, "Madam, ki kai shi masallaci ko coci, duk wanda ya fi kusa. Kwamfuta ba ta cire aljani. Kwastomomina sun fara gudu. Daga Asabar ki bar shi a gida, ko ku tafi tare."

Na buɗe littafina ina dubawa. Shafi tara, babu gida ɗaya da ya fita daga layi. Ni na san aiki mai tsari in na gan shi, shekara goma sha takwas ina yin sa. Wannan ba aikin mai lalube ba ne.

"Malam Emeka, zauna. Rufe idonka."

"Yau kuma wane sabon salo?"

"Ka rufe. Ka yi wasan a makance, dama ko hagu, yadda ka ga dama."

Ya rufe yana murmushi. Ta farko ya faɗi. Ta biyu ya dace, guɗa ta tashi. A bayan injin fotokwafi Lawali ya ƙwalla ƙara, ya dunƙule, hannu biyu a kunne. Na juya na gan shi, sai na ga tsakar gidan Baffa Sanda, an fito da amarya, mata sun kewaye, ni ce a gaba na kama hanci, shi kuma yana bayana kusa da tukunyar miya. Na fizge wayar sifikar daga jikin kwamfutar.

"Ci gaba," na ce wa Emeka.

Ya ƙarasa cikin shiru. Na ƙirga, ya ci goma sha takwas.

"Ka gani? Makaho ma yana cin wajen rabi. Wanda ya kwana tara bai ci ko ɗaya ba, ya san inda kowace amsa take. Guje mata yake yi."

Emeka ya karɓi littafin, ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Kina nufin yaron nan karatu yake yi?"

"Karatu yake yi. Mu ne muka sa masa bulala a kan amsar gaskiya, muka sa masa tukuici a kan ƙarya."

"Mu?"

"Ni."

Bai ƙara maganar Asabar ba.

Na zaci da an cire guɗa shi ke nan. Ba haka ba ne. Lawali bai yarda da mu ba kuma, kwana huɗu ya ci gaba da kuskurensa arba'in. Sai na sake tsari. Na farko, a gabansa na ɗauki sifikar na kai ta shagon mai gyaran rediyo na maƙwabta, yana biye da ni, ya ga inda aka ajiye ta. Na biyu, na ce wa Emeka gidajen nan arba'in na ƙasa, kada su riƙa cika sai an ci. In an ci, gida ya zama shuɗi a hankali, babu walƙiya, babu motsi. In an faɗi, ya zauna fanko. Na san ɗana, ba ya iya ganin jeri da giɓi. Ko takalman masallaci ya gani a warwatse sai ya tsaya ya jera su. Na uku, ni da kaina na yi wasan a gabansa sau biyu, ina ci, yana jin shiru.

A rana ta sittin da ɗaya ya zauna. Ya leƙa bayan kwamfutar ya duba. Buta ta fito. Ya toshe kunnensa ɗaya da hannun hagu, ya ɗora ɗayan a kafaɗa, ya danna buta, ya runtse ido. Shiru. Gida ɗaya ya yi shuɗi. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa. Daga nan bai tsaya ba sai a ƙofa.

Rana ta sittin da takwas, Baffa Sanda.

Ya zo Kwari sayen kayan Salla, ya aiko a ce mini in shirya yaron. Na je na same shi, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Yana riƙe da wata jakar buhu da bai yarda ɗan dako ya ɗauka ba. A ƙofar shago ya tsaya, ya dubi hoton addininsu da Emeka ya rataye a bango.

"Nan kika kawo jikan Malam mahaifinmu? Duk garin Kano?"

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji Emeka, ya jawo kujera.

"Ban je hajji ba tukuna."

Ya zauna a hagun Lawali, jakar a tsakanin ƙafafunsa. Na faɗa masa maganar guɗa, da abin da ya faru ranar bikin. Ya ce, "Uhum." Lawali ya yi wasan daga buta har ƙofa, gidaje arba'in suka cika.

"Biri ma ana koya masa ya yi sallama a kasuwa," in ji Baffa Sanda. "Kwana nawa kuna maimaita masa abu ɗaya? Kai, mai inji. Rubuta masa abin da ba ya ciki."

"Me za a rubuta?"

"Rubuta Baffa."

"Ai babu hotonka a ciki, ranka ya daɗe."

"Ai shi ya sa."

Emeka ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya shiga cikin injin ya sauya kalmar. Baffa ta fito a sama, a ƙasa ga buta ga akuya. Emeka ya matso kusa da kunnena ya ce, "Madam, ki yi addu'a kada ya zaɓi akuya."

Lawali ya dubi kalmar. Ya dubi buta, ya dubi akuya, ya koma kan kalmar. Gunjinsa ya fara tashi. Baffa Sanda ya sa hannu ya kama bakin jakarsa. Sai Lawali ya tura kibiya hagu. Ta wuce buta, ta kai ƙarshen allon, ta tsaya. Shi bai tsaya ba. Ya ci gaba da turawa har maus ɗin ya kai bakin tebur, ya ɗaga shi, ya ja shi iyakar tsawon wayarsa, ya ɗora a kan gwiwar Baffa Sanda, ya danna sau ɗaya. Bai kalli fuskarsa ba. Ya toshe kunne yana jira.

Guɗa ta taso mini tun daga ciki. Hannuna har ya kai hanci. Na cusa bakin mayafina a baki na cije. Emeka ya ɗaga hannu zai tafa, na taka masa ƙafa. Shagon ya yi tsit. Lawali ya sauke hannunsa daga kunne.

Baffa Sanda ya daɗe yana kallon abin da ke kan gwiwarsa. Ya ɗauke shi da yatsu biyu ya mayar kan tebur, ya miƙe.

"Ki riƙe abinki," ya ce. "Amma gidana gidan biki ne, ina da 'ya'ya mata biyar a gaba. Ba zan hana a yi musu guɗa saboda shi ba. Kada ki dawo mini da shi."

"To, Yaya."

Ya saɓa jakar. Ƙarfen marin da ke ciki ya yi ƙara, ya ci gaba da yi da kowane taku har ya sha kwana.

Ba mu je gida Sallar nan ba, ba mu je ta bayanta ba. Muna nan Rijiyar Lemo, mun dai bar ɗakin jikin banɗaki. Daga baya ni da Emeka mun haɗa wa wasu yaran irin wannan wasa, iyayensu suna kawo su a ɓoye. Ƙa'idojin sun zama biyar, kuma sabuwar ce a sama: ba a sa wa yaro tukuici sai an zauna an ga abin da yake gudu. In ana biki a unguwa, nakan kai Lawali shago tun da hantsi, in dawo in taya mata aiki. Da an fito da amarya sai wata ta ce, "Maman Lawali, ke ba kya yi mana guɗa?" Sai in ce mu 'yan Nijar ba mu iya ba. Su yi dariya, in bar su.